“Strain”: Kalmar Ingilishi Da Ba Ta Da Takwara Guda A Hausa

Daga cikin tambayoyin da ɗaliban fassara suka fi yawan yi akwai wannan: yaya ake ce wa kaza da Hausa? Tambaya ce mai kyau idan ana magana a kan raƙumi ko keke ko gishiri. Sai dai akwai kalmomin da ba ta dace da su ba, domin duk amsa guda da aka bayar za ta zauna daidai a jimla ɗaya, ta ɓata jimla biyar. Kalmar Ingilishi “strain” tana cikinsu. Ana cin karo da ita a littafin girke-girke, da takardar likita, da darasin kimiyya, da labaran siyasar duniya, da sanarwar rigakafi, kuma a kowane wuri da irin aikin da take yi.

Matsayin wannan nazari shi ne, kuskure ne a nema wa “strain” takwara guda a Hausa, kuskure ne kuma a aro ta yadda take. Abin da ya wajaba a kan ɗalibi shi ne ya gano abin da ya faru a cikin jimlar, sannan ya faɗe shi da kalmar da Bahaushe yake faɗarsa a wannan fagen. Batun ya wuce na gwaninta a harshe, domin ɗaya daga cikin ma'anonin kalmar ya shafi yadda uwa za ta fahimci allurar rigakafin da aka yi wa ɗanta.

Kalma biyu cikin riga ɗaya

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, tun asali “strain” kalmomi biyu ne daga gidaje daban-daban, waɗanda furucinsu da rubutunsu suka haɗu a tsawon zamani.

Ta farko baƙuwa ce. Ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci, a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar da Normawa suka yi wa Ingila a shekarar 1066. A tsohon Faransancin ana cewa “estreindre”, shi kuma ya gado ta daga “stringere” ta harshen Latin, wadda ke nufin a ɗaure tamau ko a matse. Daga wannan tushe ne ma'anonin ja, da yunƙuri, da wahalar da gaɓa, da tacewa suka tsiro. Ta biyu ƴar gida ce, daga tsohon Ingilishi “streon”, mai nufin abin da aka samu ko aka haifa, wato riba da zuriya. Ita ce ta ba da ma'anar iri, da asali, da halin da ake gada.

Ta farkon tana da dangi masu yawa: “constrain”, tilastawa, “restrain”, hanawa ko riƙewa, “restrict”, taƙaitawa, “strict”, mai tsanani, “distress”, ƙunci, “stress”, da kuma “strait”, wato mashigin ruwa mai ƙunci kamar na Hormuz. Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci a Nijar ko Cadi ko Kamaru yana da riba a nan, domin ya riga ya san ƴan uwansu: “contraindre”, “restreindre”, “étroit”, “détroit”, “détresse”, da “étreindre” mai nufin rungumewa da ƙarfi. A kula cewa “straight”, miƙaƙƙe, ba ta cikin wannan gida ko da yake furucinta ɗaya da “strait”. Danginta “stretch” ne.

Hausa ma tana da irin wannan gida, kuma ginin nata ya fi fitowa fili. Daga saiwa ɗaya ake samun matsa, matse, matso, matsu, matsi da matsatsi. Tsarin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960 shi ne yake nuna yadda sauyin wasalin ƙarshe da karin sauti ke sauya ma'ana: a matsa wa yaro, a matse lemo, a matso kusa, mutum ya matsu. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa “stringere” da matse kusan abu ɗaya suke faɗa. Duk da haka ba za a ɗauki matse a liƙa wa kowace “strain” ba, saboda kowane harshe ya bi da saiwarsa ta hanyoyin da suka dace da rayuwar masu shi.

A madafa

Yadda ɗaurewa ta koma tacewa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa ganin ana tatar gasara ko ana yin awara. Ana zuba ƙullu a ƙyalle, a tattara bakinsa, a murɗe, a matse, ruwan ya fita, dusa ta rage. Wannan matsewar ce ta ba Ingilishi ma'anar, har ya samar da “strainer”, abin tata.

Ingilishi yana amfani da kalmar ko ruwan ake so ko abin da ya rage. Mai koko a Kumasi ko Maradi abin da ya ratsa ƙyalle take nema, mai dafa taliya kuwa abin da ya tsaya a kwando take nema, amma duk “strain” ne. Hausa ta fi rarrabewa. Ana tace kunun aya da ruwan tsamiya. Ana juye taliya a kwando a bar ta ta tsane. Ana tsame ƙosai daga mai da matsami. Ana rege shinkafa don a raba ta da tsakuwa. Busasshen gari kuwa tankaɗe shi ake yi da rariya, wanda Ingilishi ke ce wa “sift”. Ɗalibin da ya rubuta a tankaɗe kunu, ko a tace garin tuwo, ya nuna ƙamus ya duba bai leƙa madafa ba.

Ko wannan ma'ana mai sauƙi ta taɓa ɗaukar nauyin lafiyar jama'a. Yaƙin da aka yi da kurkunu ya dogara ƙwarai a kan umarni ɗaya, wato a tace ruwan tafki da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi kafin a sha, domin ƙananan halittun ruwan da ke ɗauke da tsutsar ba sa iya ratsa shi. A 1986 an ƙiyasta masu fama da cutar a duniya sun kai miliyan uku da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kuɓutar Nijar da Najeriya daga gare ta a 2013, Ghana kuma a 2015, yayin da Cadi take ci gaba da yaƙin. Da a ce an gaya wa mutanen ƙauye su bar ruwa ya kwanta su tsiyaye na sama, da an faɗi wani abu mai kama da tacewa wanda ba zai hana kurkunu ba.

A jikin mutum

A asibiti kalmar tana rabuwa gida uku aƙalla. Na farko shi ne rauni. Likitan da ke aiki da Ingilishi yana bambanta “strain” da “sprain”. Ta farko ita ce tsoka, ko jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, ta miƙe fiye da ƙima ko ta ɗan yage, kamar yadda yake samun ɗan kokawa a cinya ko ɗan dako a ƙugu. Ta biyu ita ce jijiyar da ta haɗa ƙashi da ƙashi a gaɓa ta ji rauni, kamar wanda ƙafarsa ta gurɗe a rami. Wannan ta biyun ita ce targaɗe, Faransanci kuma ya ce “entorse”. Ta farkon Faransanci yana ce mata “élongation”, ko “claquage” idan ta yi tsanani. Hausa tana da targaɗe, da gocewar ƙashi, da tsagewa, da karaya, kowanne maɗori ya san shi. Ga raunin tsoka kuwa gara a yi bayani: tsokar cinyarsa ta yage, ko ya ji ciwo a tsokar baya saboda ɗaukar kaya. Kiran komai targaɗe yana iya kai mai ciwon tsoka wurin mai ja da murɗawa, alhali hutu yake buƙata.

Na biyu shi ne yunƙuri. Idan takarda ta gargaɗi mai basir ko wanda aka yi wa aikin gwaiwa da cewa “do not strain”, abin nufi shi ne kada ya yi yunƙuri da ƙarfi wajen bayan gida, kada kuma ya ɗaga abu mai nauyi. Wanda ya fassara wannan da kada ka damu ya ba da shawara mai daɗin ji, amma ya zubar da gargaɗin likita gaba ɗaya.

Na uku shi ne wahalar da gaɓar ji ko gani ko magana. A nan kowace gaɓa da kalmarta. Wanda ya “strain” kunnuwansa ya kasa kunne ne. Wanda ya yi haka da idanunsa ya ƙura ido har suka gaji, kamar mai karatu a hasken aci-balbal ko mai daɗewa gaban kwamfuta. Wanda ya yi da muryarsa ya ɗaga ta har ta dushe. Babu kalmar Hausa guda da za ta haɗa kasa kunne da dushewar murya, kuma babu buƙatar a ƙirƙiro ta.

Tsakanin mutane da ƙasashe

Ƴan jarida masu rubutu da Ingilishi suna yawan cewa “strained relations”. Hoton da ke bayan maganar na igiya ne da aka ja ta yi tauri, saura kaɗan ta tsinke. Bahaushe da madara ko kunu yake kwatanta abin, ya ce dangantaka ta yi tsami. Haka gidajen rediyo masu watsa shirye-shirye da Hausa suka riƙa bayyana halin da aka shiga tsakanin Nijar da wasu maƙwabtanta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyakoki. Mai sauraro a Tawa ko Katsina bai buƙaci ƙarin bayani ba. Da an ce dangantaka ta jawu ko ta miƙe, da ya tsaya yana tunanin ko gyaruwa ta yi, tunda miƙewar al'amari alheri ne a Hausa.

Haka nan idan aka ce wani abu ya zama “strain” ga tattalin arziki ko ga asibitoci, Hausa tana da ya yi wa nauyi, ya takura, ya fi ƙarfin, ya jigata. “Strained smile” kuwa yaƙe ne, kalma guda da Ingilishi ya buƙaci biyu kafin ya faɗa. Idan marubucin adabi ya ambaci “strains” na kiɗa da ke tasowa daga nesa, amon kiɗa ko sautinsa yake nufi. Idan kuma ya ce akwai “strain” na taurin kai a wani gida, ya koma kalma ta biyu mai nufin zuriya, sai Bahaushe ya ce abin a jininsu yake, ko ya ce gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tarkon ajin kimiyya

A fannin injiniya ba a yarda a haɗa “stress” da “strain” ba, ko da yake a maganar yau da kullum ana musanya su. Ta farko ita ce ƙarfin da ya hau abu idan aka raba shi da faɗin wurin da ya hau, ana auna ta da ma'aunin paskal. Ta biyu ita ce abin da ya sami abin a sakamakon haka, wato yawan miƙewa ko motsewar da ya yi idan aka raba da tsawonsa na asali. Idan rodi mai tsawon mita 2 ya ƙaru da milimita 1 saboda ja, lissafin zai ba da 0.0005, lamba ce tsura ba ta da ma'auni. Dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678 ita ce tushen alaƙar da ke tsakaninsu: matuƙar ba a wuce iyaka ba, miƙewa tana tafiya daidai da ƙarfin ja, kuma abin yana komawa yadda yake idan aka sake shi. Duk yaron da ya taɓa jan danƙon harbin tsuntsu ya san dokar da hannunsa.

Ga tarkon da ke jiran ɗalibin da ya taso da Faransanci. A wannan harshe “stress” na injiniya shi ne “contrainte”, “strain” kuma “déformation”. Amma a ido “contrainte” ta fi kama da “strain”, kuma hakika tushensu ɗaya. Wanda ya bi kamannin haruffa zai juya ma'anonin biyu, ya sa sanadi a gurbin sakamako. Hausa tana iya tsare shi daga wannan idan ya rubuta ƙarfin da ya hau abu a gefe ɗaya, jirkicewar siffa a ɗaya gefen, domin waɗannan ba sa rikicewa.

Ruɗanin bai bar manyan masana ba. Hans Selye, likitan da aka haifa a Vienna ya yi aikinsa a Montreal ta Kanada, shi ne ya fara bayyana a 1936 yadda jiki ke amsa wahala mai tsawo, kuma shi ya yaɗa kalmar “stress” a fannin lafiya. Abin da ya kira da wannan suna martanin jiki ne, wanda a ƙa'idar injiniyoyi “strain” ya kamata a ce masa. Saboda haka ya zama dole daga baya ya samar da “stressor” don ya ambaci sanadin. Ɗalibin da ya ga kalmomin biyu suna cakuɗe a rubutun lafiya ya sani gadon wannan tarihi ne, ya kuma duba ko damuwa ake nufi, ko gajiya, ko matsin rayuwa da ya jawo su.

Iri da nau'i

Ma'anar da ta fi kowace nauyi ita ce ta kalma ta biyu. Hausa tana da iri, wadda ta yi daidai da tsohuwar “streon” ta hanya mai ban sha'awa, domin ita ma tana nufin abin shuka da zuriya da kashi na wani abu. Manomi yana maganar irin gero mai saurin nuna, kamar HKP da aka sani a gonakin Nijar. Makiyayi yana maganar irin shanun Azawak da jar akuyar Maradi. Ingilishi kan ce “variety” ga tsiro, “breed” ga dabba, ya keɓe “strain” galibi ga ƙwayoyin cuta, inda Faransanci ke cewa “souche”. A wannan fage Hausar rediyo da ta asibiti ta fi karkata ga nau'i, kalmar da aka aro daga Larabci, kuma zaɓi ne mai kyau, domin irin cuta kaza yana iya nufin mai kama da ita kawai.

Sanƙarau ya isa misali. Yankin da cutar ta fi addaba ya taso daga Senegal zuwa Habasha, ƙasar Hausa tana tsakiyarsa, kuma lokacinta rani ne, daga hunturu zuwa saukar ruwan farko. Ƙwayar da ta fi haddasa annobarta tana da rukunai da ake kira da haruffa: A, B, C, W, X da Y. Rukunin A shi ne ya jawo babbar annobar 1996 zuwa 1997, wadda ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. A Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29, kuma ta kusan share rukunin A daga yankin. Sai ga shi a 2015 annoba ta sake ɓarkewa a Nijar, musamman a Yamai da jihar Dosso, ta kama fiye da mutum 8,000, ta kashe sama da 500. Wannan karon rukunin C ne, wanda waccan allura ba ta shafe shi ba.

A nan ne aikin mai fassara yake zama amana. Idan sanarwa ta ce an yi rigakafin sanƙarau ta tsaya nan, uban da ya kai ƴaƴansa aka yi musu allura, bayan ƴan shekaru kuma ya ga sanƙarau a unguwarsa, yana da hujjar ya ce allurar ba ta aiki. Idan aka fassara “new strain” da sabuwar cuta, an tsorata shi da abin da babu. Idan aka ce wani nau'i ne na ƙwayar sanƙarau, daban da wanda allurar farko take karewa, an faɗa masa gaskiya, an kuma ba shi dalilin sake kai yaran. Wannan bayani ne zai sa ya gane amfanin sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar, A, C, W, X da Y, wadda Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita a 2024.

Shan-inna ma haka. Ƙwayarta ta asali nau'i uku ce. An sanar da kawar da nau'i na biyu a 2015, na uku a 2019, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar ta asali baki ɗaya. Duk da haka masu ɗigon rigakafi suna ci gaba da bin gidaje, saboda akwai wani nau'i da ya rikiɗe daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon, wanda ke yaɗuwa a inda yaran da aka yi wa rigakafi ba su da yawa. Wanda aka gaya masa an kawar da shan-inna kawai, ba tare da kalmar nau'i ba, dole ya tambayi abin da ya dawo da su ƙofar gidansa.

A lokacin korona an ƙara samun wata kalma, “variant”. Jaridu sun riƙa cewa “strain” ga Delta da Omicron, masana ƙwayoyin cuta kuwa suka fi son “variant”, domin sauyin bai kai ya mai da ƙwayar wata daban ba. Hausa ta wadatu da sabon nau'i ga duka biyun a labarai. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne a ce nau'in ƙwayar cutar, tunda ƙwayar ce ta sauya.

Hujjojin masu neman kalma guda

Masu ganin ya kamata a tsayar da takwara ɗaya suna da hujja mai ƙarfi, wato ilimi ba ya ginuwa sai da tsayayyun kalmomi. Idan wannan littafi ya ce nau'i, wancan ya ce iri, na uku ya ce jinsi, ɗalibi zai zaci abubuwa uku ne. Wannan gaskiya ne, amma iyakarsa cikin fage ɗaya. Ya dace ma'aikatan lafiya daga Damagaram zuwa Garwa su tsaya a kan nau'i, malaman kimiyya su tsaya a kan kalma ɗaya ta jirkicewar siffa. Abin da bai dace ba shi ne a tilasta wa mai girki da maɗori da injiniya su raba kalma guda don kawai Ingilishi ya yi haka, alhali shi ma haɗarin tarihi ne ya haɗa masa su.

Wasu kuma suna cewa a aro kalmar kawai, kamar yadda aka aro mota da asibiti da likita. Aro yana da amfani idan baƙon abu ne ya zo da sunansa. A nan babu baƙon abu, tunda Bahaushe yana tacewa yana yunƙuri yana zaɓen iri tun kafin ya ji Ingilishi. Abin da za a aro shi ne ruɗanin kalmar kaɗai. Ga kuma matsalar iyaka: idan Kano ta aro “strain”, Maradi za ta aro “souche”, sai a wayi gari sanarwar rigakafi ɗaya ba ta karantuwa a ɓangarori biyu na ƙasar Hausa. Nau'i kuwa kowa ya san ta.

Akwai kuma masu ɗaukar rashin takwara guda a matsayin talaucin Hausa. Su juya tambayar su gani. Jijiya ɗaya ta Hausa tana buƙatar “vein”, “artery”, “nerve”, “tendon” da “ligament” a Ingilishi. Aikatau ci yana shiga cin abinci, cin jarrabawa, cin amana, cin kasuwa, cin bashi da cin mutunci, kuma babu kalmar Ingilishi guda da za ta ɗauke su. Ba wanda ya ce Ingilishi ya talauce saboda haka. Kowane harshe yana da inda ya dunƙule da inda ya rarrabe.

Yadda ɗalibi zai yi aiki

Ƙamus nagari ya riga ya yi rabin aikin. Na Ingilishi zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990 an gina shi ne a kan rarrabe ma'anoni da nuna muhallin kowace. Na G. P. Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 suna taimakawa wajen tabbatar da cewa kalmar Hausar da aka zaɓa tana nufin abin da ake zato. Laifin yana wurin mai dubawa da ya tsaya a layin farko, da kuma mai miƙa jimla ga na'urar fassara ya kwafe abin da ta ba shi.

Idan ɗalibi ya ci karo da “strain”, ya fara tambayar wace ce daga cikin biyun, ta matsewa ko ta zuriya. Idan ana maganar ƙwayar cuta ko tsiro ko halin gado, ta zuriya ce. Idan ta matsewa ce, ya duba abin da aka yi wa aikin: ruwa ne, ko tsoka, ko ido, ko ƙarfe, ko zumunci. Sannan ya rufe littafin Ingilishin, ya tambayi kansa yadda mai wannan sana'a zai faɗi abin a kasuwa ko a asibitin garinsu. Daga ƙarshe ya karanta fassarar ga wanda bai ji Ingilishi ko Faransanci ba, ya tambaye shi abin da zai aikata bayan ya ji ta. Idan mai basir ya ce zai daina yunƙuri, mai ɗiban ruwa ta ce za ta nemi ƙyalle, uwa ta ce za ta sake kai yaron a yi masa allura, to fassarar ta isar da saƙon da aka ba ta.